Densyo Ya Buɗe Shago a Cikin Waya

Gaudencio Rimando, wanda kowa a garin Bauang, arewa da Manila, ke kira Densyo, ya dawo daga aikin jirgin ruwa da manyan akwatuna, da wata hular Faransawa mai kama da faifai, da bakin da ba ya rufuwa. A faɗarsa, shi ne mai zaɓa wa manyan baƙin jirgi giyar da za su sha. Wai da ya sunsuna kwalba zai gaya maka ƙasar da ta fito, har da sunan karen mai gonar. Waɗanda suka yi aiki tare da shi kuwa cewa suka yi kofunan dai ya sani ciki da waje, tunda shi ke wanke su.

Gonar inabin ta matarsa Luming ce, gadon mahaifiyarta, tare da manyan tulunan da ke rumfar bayan gida inda take tsima giya. Idan ta tsimu sai ta ɗura a kwalabe, ta jera a tebur a bakin hanya, 'yan Manila masu zuwa tsinkar inabi su ɗanɗana su saya. Da wannan teburin ta riƙe gida duk shekarun da mijin ke teku.

Wata rana yana cin shinkafa da miyar yalo da kuɓewa, sai ya ajiye cokali ya dubi teburin ta taga.

"Baket," ya ce, wato uwargida a yarensu, "teburin nan naki abin kunya ne."

"Shi ya sayi shinkafar da ke bakinka."

"A Turai ba wanda ke zama a rana yana roƙon mota ta tsaya. Mutum na kwance a ɗakinsa zai taɓa waya, kwalba ta same shi har ƙofa. Daga gona sai maƙogwaro, babu dillali, babu ɗan tsakiya. Zan buɗe mana shago a cikin waya."

"Lakay, maigidana, kai da wayarka ta yi ta ihu a coci ka kasa kashe ta, sai zama ka yi a kanta?"

"Wannan laifin waɗanda suka ƙera ta ne."

Luming ta kwashe kwanuka. 'Yarsu ta haihu a Baguio, tana shirin tafiya ta zauna da ita, ba ta da lokacin gardama.

"Yi duk haukan da kake so da wayarka," ta ce. "Amma tulunan nan kada ka taɓa min su. Giyar ba ta gama tsimuwa ba, tana tafasa a ciki. Ita ce ta shekara duka, ba ni da wata."

"Ni za ki koya wa giya?"

"Kai zan koya wa jin magana."

Kafin ta tafi ya riga ya raɗa wa gonar suna. Ya sa aka rubuta Shato Rimando da manyan baƙaƙe a jikin allo, ya kafa a gefen kejin kaji. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa shato da Faransanci fada ke nan. Da aka zo sa hoto a shagon waya, ya ga rumfar tasu ba ta yi masa ba, sai ya kwaso hoton wani katafaren gini mai dutsen ƙanƙara a bayansa ya manna.

Manhajar da yake buɗe shagon da ita ta ce ya nuna inda gonar take a taswira. A gidansu sabis ba ya kamawa sosai, sai ya ɗaga waya sama yana tafe yana nema, har ya isa ƙofar Manang Pacing, wato Yaya Pacing, maƙwabciyarsu, wadda ita ma ke da gonar inabi da tebur, kuma rabonta da yi wa Luming fatan alheri tun suna 'yan mata. A nan sabis ya cika. A nan ya danna.

"Me kake nema a sama, Densyo? Hankalinka?" in ji Pacing.

"Manang, ki kalli teburinki da kyau, ki yi masa bankwana. Duniya ta wuce ki."

Ranar Asabar motoci suka fara shigowa layin. Densyo ya sa hular faifai ya tsaya a gindin allo yana murmushi. Mota ta zo ta wuce shi. Wata ta zo ta wuce. Duk suka jeru a ƙofar Pacing, mutane na fitowa suna duba waya suna duba rumfarta. Ya ruga can yana haki.

"Jama'a, kun yi kuskure! Shato yana can!"

Wata mata mai baƙin gilashi ta nuna masa waya. "Taswira ta ce nan ne. Amma ina dutsen ƙanƙarar?"

"Ya narke," in ji Pacing tana ɗaure wa wani kwalabe a leda. "Zafin bana sai a hankali. Guda nawa za ki ɗauka, 'yar nan?"

"Manang, baƙina ne!"

"To ai kai ka aiko su. Na gode, ƙanena. Idan da wani abin da za ka danna, zo ka danna shi a nan, inuwa ma zan ba ka."

Kafin yamma teburin Pacing ya zama wayam. Densyo ya koma gida yana cewa tauraron ɗan'adam ne ya karkace.

Abu na biyu ya fi wannan muni. Manhajar tana da wani mai amsa saƙo da kansa: duk wanda ya yi tambaya, sai ta tura masa gaisuwar da mai shago ya tsara. Densyo ya ga rubutu da yatsa aikin ƙauyawa ne, don haka tun Luming ba ta tafi ba ya tsaya a tsakar gida ya faɗa da baki, waya na rubutawa. Bai tsaya karantawa ba.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, Fada Almazan, limamin cocin, ya yafito shi. Fada tsoho ne mai ƙarfin murya, ko raɗa ya yi sai na bayan coci ya ji.

"Gaudencio, na tambayi shagonka ko kuna da giyar da za ta yi mana a coci. Ga amsar da aka ba ni." Ya gyara tabarau ya karanta: "Barka da zuwa Shato Rimando, gidan giya mai asali. Densyo ka zo ka cire gajeren wandonka daga igiya, alade na cin sa. Ina aiki, mace. Aikin me, kai da ko kwalba ba ka iya wankewa. Muna alfahari da ku."

Harabar coci ta kaure da dariya. Mata suka dafa juna. Kowa ya zaro waya ya aika wa shagon tambaya don ya samu nasa kwafin.

"Fada, ai salo ne," in ji Densyo. "Turawa na son su ji kamar a cikin gida suke."

"Na ji ni a cikin gida sosai. Aladen ya warke?"

Daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa ina kwana. Sai dai, "Manong Densyo," wato Yaya Densyo, "ya wando?"

Shi kuwa da ya ga saƙonni na shigowa kamar ruwan sama, sai ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe. Ya shelanta a shagon cewa ranar bikin unguwa zai sayar da sabuwar giyar Shato kai tsaye ta waya, duniya na kallo, a filin ƙwallon kwando. Ya gayyaci Kapitana Orpilla, shugabar unguwa, ta zo ta buɗe taro. Ya gayyaci Fada. Ya yi magana da masu busa da ganguna. Sai da ya gama gayyata ya tuna cewa 'yan kwalaben da Luming ta bari duk ya raba su ɗanɗano ga abokan hirarsa.

Ya shiga rumfar bayan gida ya tsaya a kan tulunan. Ya ɗaga murfin ɗaya. Giyar na ta kumfa tana wani ɗan ƙara kamar mai a kasko. Ya tsoma kofi, ya juya, ya sunsuna, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Saura kaɗan," ya ce da kansa. "Hannun gwani kawai take jira."

Ya aika aka kira Inso, mai babur ɗin haya, ya kawo masa buhun sukari da kwalabe. Inso na tsaye yana kallo, Densyo ya riƙa zuba sukari a kowace kwalba, ya ɗura giya har wuya, ya danna matoshi da guduma, ya narka kyandir ya liƙe bakin.

"Manong, Manang Luming ta san da wannan?"

"Za ta sani ranar da ta ga sunanmu a jarida."

"Sukarin fa?"

"Sirrin Faransawa ne. Kada in ji a bakin kowa."

Inso ya ɗauki kwalba ɗaya ya kara a kunne. "Manong, wannan kwalbar huci take."

"Numfashi ake cewa. Giya mai kyau tana numfashi."

Bai bar ko tulu ɗaya ba.

Ana gab da biki wani tsohon malamin makaranta a ƙauyen gaba ya yi odar kwali guda. Densyo ya bi layin gida-gida yana nuna wa mutane wayar. Aka ɗora kwalin a akwatin babur, Inso ya tayar, Densyo na ɗaga masa hannu kamar mai sallamar jirgi. Ba a jima ba sai ga Inso ya dawo a ƙasa, yana ɗingishi, ja jawur daga kai har ƙafa, mata na binsa suna salati irin nasu suna kiran Maryamu.

"An harbe shi! An harbi Inso!"

"Ba a harbe ni ba," in ji Inso yana tofar da taɓo. "Ina kan gada na ji tau! a bayana. Na ɗauka 'yan fashi ne, na kwanta a kan babur, sai na ji wata tau! Sai ga ni a cikin gonar shinkafa. Manong, kwalabenka ne."

"Ramukan hanya ne," in ji Densyo. "Da ka yi tuƙi irin na mutane da ba haka ba. Giya ba ta son girgiza."

"Ni ma ba na so."

Pacing ta leƙo ta kan shinge. "Densyo, ranar biki a ina za ka jera su? Ina so in san inda ba zan zauna ba."

Ranar biki ta zo da rana mai zafin gaske. Filin ƙwallon kwando rufin kwano ne, da hantsi ya ɗaga sai ya zama kamar tanda. Densyo ya jera kwalabe a tsakiyar fili, hawa kan hawa, har suka fi shi tsawo. A gefe ga gasasshen alade a kan ganyen ayaba, ga tukwanen taliya. Kapitana ta iso cikin farar riga mai aikin hannu wadda aka ɗinka mata musamman don bikin, ta zauna a gaba. Fada ya zauna kusa da ita. Pacing ta ja kujera can baya kusa da ƙofa, ta ajiye lema a cinya.

Densyo ya kafa waya a kan sanda, ya gyara hula, ya danna. Yatsansa ya haɗa da wani abin daban bai lura ba. A fuskar wayar kowa sai ga Densyo da dogayen kunnuwan zomo da haƙora biyu a waje, duk ya yi magana kunnuwan su motsa.

"Jama'ar duniya, barkanku! Daga Manila har Faris!"

Mutanen da ke filin suka duba wayoyinsu, suka dube shi, suka sake duba wayoyi. Kapitana ta toshe baki da hankici. Masu kallo suka yi ta ƙaruwa, alamun dariya na tashi a fuskar wayar kamar fari.

"Kun gani?" ya ce da Inso, wanda ke zaune da ƙafa a ɗaure. "Sona suke."

"Manong, kunnuwanka..."

"Yi min shiru, duniya na kallona."

Tsarin irin wannan ciniki sananne ne: mai kaya ya ɗaga abu, wanda ya riga rubuta "na ɗauka" shi ke da shi. Densyo ya zaro kwalba daga saman jerin, ya ɗaga ta ya juya a hankali.

"Ku dubi launi. Wannan giyar ta sha iskar teku da hasken wata. Idan ka kurɓa za ka ji ƙamshin fure, da na fata, da na tsohon katako. Natsuwa gare ta. Giya ce mai kunya, ba ta son hayaniya."

Sai tau!

Matoshin ya tashi da hular faifai, ya kai ta har cikin ragar ƙwallo. Jan kumfa ya yi sama ya dawo a kan zomon. Mai babban ƙaho ya firgita ya busa wata irin ƙara kamar saniya.

"Haka ake buɗe ta a Faransa!" Densyo ya yi ihu yana share ido. "Alamar murna ce! Wa zai ɗauka?"

Kwalbar da ke ƙasan jerin ce ta ba shi amsa. Ta fashe, na kusa da ita suka bi, jerin ya yi wani lilo ya zube. Daga nan ba wanda ya ƙara jin muryar wani. Tau nan, tau can, murafe na dukan kwanon rufi kamar ƙanƙara. Wani murfin ya daki ganga, wani ya shige bakin gasasshen aladen ya zauna daram. 'Yan sintirin unguwa, waɗanda aka kawo don tsaron manya, su suka fara tsallake katanga. Masu busa suka watse kowa da ƙahonsa a kai. Fada Almazan ya shige ƙarƙashin tebur, hannunsa kaɗai ke waje yana sa wa jama'a albarka.

Kapitana ta miƙe don ta kwantar da hankalin mutane. "Jama'a, ku natsu! Babu abin..." Wata kwalba da ta gangaro gabanta ta tsaya cak, ta saki abin da ke cikinta gaba ɗaya. Farar rigar ta koma kalar inabi daga wuya har gwiwa.

"Rimando!" ta kurma ihu. "Rimando, zan rufe ka!"

"Ranki ya daɗe, gishiri na fitar da shi! A jirgi haka muke yi!"

Can baya Pacing ta buɗe lemarta, ta gyara zama, tana cin taliya.

Densyo ya ruga zai tare sauran kwalaben da hannu, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin tafkin giya. Wayar na nan a kan sanda, tana nuna wa duniya komai. Kunnuwan zomon ma suka bi shi har ƙasa.

A hankali harbin ya lafa. Jefi-jefi wata kwalba ta yi ɗan tusa ta yi shiru. Mutane suka fara leƙowa daga bayan katanga. A lokacin ne suka ga Luming tsaye a ƙofar fili, da jakar tafiya a kafaɗa da ƙullin kabeji na Baguio a hannu. 'Yarta ce ta nuna mata shelar bikin a waya, ta bar jaririn ta hau motar farko.

Ta tako a hankali, takalminta na mannewa a siminti. Ta dubi fasassun kwalabe. Ta dubi jan ruwan da ke gangarewa zuwa kwata. Ta tsuguna ta dangwala yatsa ta kai baki.

"Sukari," ta ce.

"Baket, bari in yi miki bayani. Zafin rufin nan ne. Da a Turai ne..."

"Tulu nawa ka bari?"

Densyo ya dubi Inso. Inso ya dubi rufi.

Luming ta daɗe a tsugune. Inabin nan ita ta yi masa aski reshe-reshe, ita ta kore masa tsuntsaye, ita ta matse shi har hannunta ya yi kanta. Kapitana da ta taho da faɗa a baki ta ga fuskarta, sai ta haɗiye abinta. Pacing ma ta rufe lema.

Luming ta miƙe, ta ajiye kabeji a kan tebur, ta je ta cire wayar daga sanda. Ta dubi fuskar wayar, ta ga jama'a cike suna jira. Ta juya ta ta saita mijinta, yana zaune cikin giya, gashi ya manne a goshi, kunnuwan zomo na rawa.

"Jama'ar duniya," ta ce, "giya ta ƙare. Saura kaya ɗaya. Ga shi nan. Yana cin abinci sosai, yana magana ko ba a kunna shi ba. Kyauta ne, kuma ni zan kai har gida. Wa zai ɗauka?"

Kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Rubutun da ke ta gudu tun safe ya tsaya cak, kamar an ɗauke wuta. Fada ya fito daga ƙarƙashin tebur ya leƙa wayar Kapitana.

"Ku yi haƙuri da su," in ji Densyo daga ƙasa. "Sabis ne ba kyau."

Sai saƙo ɗaya ya shigo. Daga Nana Sioning ne, mahaifiyar Densyo, tsohuwa tukuf da ke zaune wurin ƙanwarsa a Vigan, wadda aka kunna wa waya tun safe don ta ga ɗaukakar ɗanta. Fada ya gyara tabarau ya karanta da muryar nan tasa, har na bakin titi suka ji:

"Luming 'yata, ki yi haƙuri. Kin gani kafin ki ɗauka. Ba a dawo da kaya."